Elbo: Ɗan Kayan Da Ke Toshe Magudanar Gida, Da Yadda Ake Zaɓarsa A Ɗaura Shi Daidai

Da damina ta kankama a nan Kudu, koke-koken gidajen haya kusan iri ɗaya ne: ruwan banɗaki ya ƙi tafiya, na wanke-wanke yana dawowa, wurin alwala ya zama tafki, maƙwabci ya fara ɗaga murya. Daga Agege da Idi-Araba a Legas, zuwa Sabo a Ibadan da Ama Hausa a Owerri, duk wanda ya zauna a gidan da mutane da yawa ke amfani da bayan gida ɗaya ya san wannan damuwa. Ruwan saman da ke sauka a Fatakwal a shekara ya ninka na Kano fiye da sau biyu, don haka aikin da za a yi a gida Arewa ya wuce ba a gane aibinsa ba, a nan damina ɗaya ta isa ta tona masa asiri.

In aka kira mai gyaran famfo ya fasa ƙasa, sau da yawa ba a tsakiyar fayif yake samun matsalar ba. A kwana yake samunta, wato inda fayif ya juya, wurin ɗan kayan nan na roba da masu sana'ar ke kira elbo, wasu kuma su ce gwiwa. Yana cikin mafi arha a duk kayan aikin, shi ya sa ake raina shi, a ce wa yaro "je ka kawo elbo huɗu" ba tare da an faɗi wane iri ba.

Ga abin da ya kamata a fara ganewa. Ruwan da ke saukowa daga tanki zuwa famfo yana da ƙarfin da ke tura shi, ko kwana goma ka yi masa zai iso. Ruwan magudana kuwa ba shi da mai tura shi sai gangara. Kuma ba shi kaɗai yake tafe ba, yana ɗauke da yashi, da gashi, da kumfar sabulu, da maiƙo, da guntun tuwo, da ƙazantar masai. Muddin yana gudu, zai tafi da kayansa. Da ya ci karo da kwana mai kaifi, gudun ya ragu, sai ya sauke kayan a nan ya wuce. Yau kaɗan, gobe kaɗan, har ranar da hanya za ta rufe.

Wane elbo ne na ina?

Wanda aka fi gani a shago shi ne mai digiri 90 gajere, wanda ke juyawa lokaci ɗaya kamar kusurwar ɗaki. Ba wai ba shi da amfani ba ne. Inda ruwa ke tafiya a kwance zai faɗa ƙasa a tsaye, ya yi, domin nauyin ruwan zai ja shi. Haka a bututun fitar da iska da ke hawa sama, tunda ba ƙazanta ke bi ta ciki ba. Amma a ƙarƙashin ƙasa, inda fayif kwance zai juya ya ci gaba a kwance, ko a gindin fayif ɗin da ya sauko daga bene zai kwanta ya nufi sokawe, saka wannan gajeren elbo neman rigima ne.

A waɗannan wurare abu biyu ake yi. Ko dai a sa mai doguwar lanƙwasa, wanda ke juyawa sannu a hankali kamar kwanar babban titi, ko kuma a haɗa masu digiri 45 guda biyu da ɗan guntun fayif a tsakaninsu. Na biyun ya fi sauƙin samu a kasuwanninmu, kuma ni a ganina shi ne abin da mai gida zai nace a kai, ko da mai aiki ya ce ɓata lokaci ne. Ƙarin elbo ɗaya da ɗan gam bai kai kuɗin fasa tayil ba, balle a yi maganar siminti da lebura. Wata fa'idar kuma, ranar da za a zura waya ko sandar buɗe toshewa, kwana mai laushi tana barin ta ta wuce, mai kaifi kuwa nan za ta cije.

Za ka iya ganin wani an rubuta 87.5 a jikinsa maimakon 90. Ba kuskuren kamfani ba ne. Da gangan aka rage digiri biyu da rabi, domin in fayif ya sauko a tsaye ya kwanta, ya kwanta da ɗan gangararsa.

Sai mai ƙofa. Wannan elbo ne da ke da murfi a bayansa, ana murɗewa a buɗe. A kasuwa in ka ce fulog bend za su gane. Duk inda fayif ya fito bayan bango ya juya, musamman na masai da na kicin, a sa shi, kuma kada a shafe murfin da siminti, don an sha yin haka, an saya da tsada sannan an binne amfaninsa. Inda kwanar take a ƙarƙashin ƙasa, ƙaramar cemba mai murfi ita ce madadinsa. Haka in fayif zai shiga wani fayif a kwance, mahaɗi mai siffar Y ya fi mai siffar T, saboda yana shigar da ruwan ta gefen da ake tafiya.

Maganar girma ma tana da tarko. A al'ada masai inci 4 ake sa masa, banɗaki da kicin inci 2, wurin wanke hannu inci ɗaya da rabi ko da kwata. To amma "inci 4" a bakin ɗan kasuwa ba kullum yake nufin abu ɗaya ba. Akwai mai milimita 110, akwai na tsohon awon Ingila da ya kai kusan 114. Abin da ake kira inci 2 ma, na magudana yakan zo a milimita 50, na ruwan famfo kuma 63. Dabara mafi sauƙi ita ce ka yanki ɗan guntun fayif ɗinka ka sa a aljihu. Ko Odun-Ade ka je a Orile, ko kasuwar bakin gada a Anacha, ko Kenyatta a Inugu, ka gwada a gaban mai shago kafin ka biya. Elbo mai kyau, fayif yana shiga kamar kashi ɗaya cikin uku zuwa biyu cikin uku na bakinsa sannan ya fara cijewa. In ya zurma har ƙarshe yana girgiɗi, ajiye shi. Gam ba ya cike giɓi.

Ka kuma matsa bakinsa da yatsu. Wanda ya lotsa kamar robar lemo, ko kana hango haske ta jikinsa, ba zai jure nauyin ƙasa ba. Zura yatsa ciki ka ji ko da tudu ko kaushi, domin a nan gashi ke maƙalewa. Ka duba sunan kamfani da girman a jikinsa. Kayan da aka ƙera a Najeriya, hukumar SON tana ba su shaidar MANCAP, kana da damar tambaya. Sannan kada a haɗa maka da na PPR, fayif ɗin nan kore ko fari na ruwan famfo. Shi da injin zafi ake haɗa shi, gam ɗin PVC ba ya kama shi.

Akwai wata al'ada da ya kamata a daina. Mai aiki ya ga elbo ya ƙare, ko yana son ya rage kuɗin kaya ya sa a aljihu, sai ya kunna takardar buhun siminti ya gasa fayif ya lanƙwasa shi da hannu. Daga waje ka ga kwana ta fito. Amma bayan lanƙwasar ya yi siriri, cikinta ya tattare, faɗin hanyar ya ragu. Toshewa da fashewa ke nan an binne maka a wuri ɗaya. In kana tsaye ka ga an kunna wuta, ka ce, "Malam, dakata, a je a sayo."

Ɗaurawa

Kafin a buɗe gwangwanin gam, a jera komai a bushe tukuna, a duba gangara. Abin da aka saba bi shi ne a sauka kamar santimita biyu zuwa biyu da rabi a kowace mita, wato kusan kwatan inci a kowace ƙafa. Da lebur ake aunawa, ba da ido ba. Elbo ɗaya da ya ɗan ɗaga baki sama ya isa ya sa ruwa ya kwanta a layin gaba ɗaya. In an gamsu, a ja layi da alƙalami daga jikin elbo zuwa jikin fayif, domin in gam ya shiga babu lokacin tsayawa shawara.

A yanka fayif da zarto a miƙe, ba a karkace ba. A kankare ɓurɓushin bakin ciki da waje, a ɗan fiƙe gefen waje da sanfefa don kada ya ture gam ɗin gaba yayin shiga. A goge ƙasa da maiƙo. Kuma dole wurin ya bushe sarai. Wannan shi ne inda aikin damina ke lalacewa a Kudu: rami cike da laka, hannu a jiƙe, a shafa gam a kan danshi, a ce an gama.

Shi wannan gam, irin su Tangit, ba manne abu yake yi irin na takarda ba. Narkar da fatar robar yake yi ta ɓangarorin biyu, in suka haɗu suka bushe sai su zama jiki ɗaya. Shi ya sa ake shafa wa duka biyun, a wadata jikin fayif, a shafa kaɗan a cikin bakin elbo, don kada rarar ta taru ciki ta zama tudu. A tura da sauri har ƙarshe, ana ɗan murɗawa har layin alƙalamin nan ya haɗu, a riƙe kamar daƙiƙa talatin, in ba haka ba fayif ɗin yakan turo kansa waje. A goge abin da ya fito. Gam ɗin da ya yi kauri kamar kamu a gwangwani ya mutu, kada a ƙara masa fetur ko tina a ce za a farfaɗo da shi. Tururinsa yana kama wuta kuma yana hawa kai, a buɗe ƙofa da taga, mai shan sigari ya matsa.

A jikin gwangwani akwai lokacin jira, a bi shi, a kuma ƙara in gari da sanyi da danshi. In da hali a bari ya kwana. Matsalar gidan haya ita ce wani zai shiga ya watsa ruwa minti biyar bayan an haɗa, don haka a sanar da mutanen gida tun da wuri, a kulle ƙofar in ta kama.

Kada a rufe rami sai an gwada. A toshe ƙarshen layin, a cika shi da ruwa, a bi kowace mahaɗa da busasshen hannu. Sannan a buɗe a kwara bokiti biyu ko uku a jere a ga yadda yake fita. Wajen binnewa, yashi mai laushi ake shimfiɗawa a ƙasa da gefe, ba ɓaraguzan bulo ba. Elbo na gindin fayif ɗin bene a yi masa matashi da kankare, domin duk abin da ya faɗo daga sama a kansa yake sauka. A unguwannin da aka cike fadama da yashi aka yi gini, kamar wurare da yawa a Legas, ƙasa tana ci gaba da zama, kuma mahaɗar da aka ƙafe da gam ita ke fara tsagewa. A irin nan, in an samu kayan da ke haɗuwa da zoben roba, sun fi, saboda suna ɗan motsawa ba su karye ba. Wanda ke jikin bango a waje kuma a ɗaure shi da kilif kusa da kowace kwana, a shafa masa fenti, don rana tana busar da roba ta koma tana fashewa kamar ƙwai.

Masu abinci, mahauta da masallatai

Mutanenmu da yawa a nan sana'arsu tana haɗe da maiƙo: masu tuwo, masu shayi, masu suya, mahauta. Kitse da manja suna shiga fayif a narke, su daskare a kwanar farko da suka samu sanyi. Kwara tafasasshen ruwa ba ya magance wannan, tura shi yake yi zuwa kwana ta gaba, wadda ta fi wuyar kaiwa. Ga shi kuma fayif ɗin PVC ba a yi shi don zafin da ya wuce kamar digiri 60 a kai a kai ba, yana laushi ya lotsa, mahaɗa ta saki. A kwashe maiƙon a gwangwani, a sa rariya a bakin magudana, a gina ƙaramar cemba kafin elbo na farko inda kitse zai taso sama a riƙa kwashewa.

Wurin alwala kuwa yashin ƙafa ne babban abokin gabarsa, sai guntun asuwaki da ledar fiya wata. Kwamitin masallaci in zai yi gyara, ya nemi fayif mai faɗi, inci 3 ko 4, kwana kaɗan, da ramin da yashi zai kwanta kafin ruwa ya shiga fayif, a sa wanda zai riƙa kwashewa duk mako.

Ɗan haya kada ya fasa bango ko daɓe sai ya sanar da mai gida, kuma a yi magana a kan wanda zai biya tun kafin a fara, gara ma a gaban shaida. Sannan komai matsin da aka shiga, kada a yarda mai aiki ya juya elbo na masai ya kalli kwata don sokawe ya cika. Duba-gari, waɗanda Yarabawa ke kira wole-wole, suna kama mutum a kan wannan, kuma ba a manta da ɓarkewar amai da gudawa da aka yi a Legas a watan Yunin 2024 ba. Sokawe in ya cika, motar kwasa ake kira, a raba kuɗin tsakanin masu ɗakuna.