Kashi 1 Cikin 100: Kuɗin Asibiti Da Talakawan Karkara

A Gadaka, hedkwatar masarautar Gudi cikin ƙaramar hukumar Fika ta Jihar Yobe, galibin magidanta manoma ne da makiyaya, waɗanda ba su da albashin da za a yanki kuɗin inshora daga ciki. In ciwo ya kwantar da mutum, akuya ko buhun gero ake kai wa kasuwa. Haka abin yake a ƙasa baki ɗaya: fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa.

Shirin inshorar lafiya na ƙasa, wanda aka kafa da doka ta 35 ta 1999, aka kuma ƙaddamar a 2005, bai kai ga irin waɗannan mutane ba. Ma'aikatan gwamnatin tarayya ya fi amfana, kuma kuɗin yakan bi ta hannun kamfanonin dillancin inshora kafin ya isa asibiti. A nan gizo ke saƙar. Farfesa Usman Yusuf, wanda ya shugabanci hukumar daga 2016, ya fito fili ya zargi kamfanonin da riƙe kuɗin asibitoci. Aka dakatar da shi a 2017, aka maido shi a 2018, aka sallame shi a 2019.

Abin da ya shafi ƙauye ta wata hanya ya zo. A watan Mayu na 2011 mata 'yan kasuwa da ƙungiyoyin sa-kai suka yi cincirindo a ƙofar Majalisar Tarayya, suna neman a zartar da dokar lafiya ta ƙasa. Majalisa ta amince, amma sai a 2014 Shugaba Jonathan ya sa hannu. Dokar ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya don kiwon lafiya a matakin farko: rabi na biyan kuɗin jiyya, kashi 45 na magani da gyaran ɗakunan shan magani da ma'aikata, kashi 5 na gaggawa. Ko da haka, sai a kasafin 2018 aka fara sanya kuɗin, kimanin Naira biliyan 55.

Kashi 1 ɗin ba shi da yawa, ganin alkawarin kashi 15 na kasafi da shugabannin Afirka suka ɗauka a Abuja a 2001. Dokar 2022 ta wajabta inshora ga kowa, ta kuma ɗora nauyin rajistar marasa galihu a wuyan hukumomin jihohi. Ke nan manomin Gadaka, Damaturu zai tuntuɓa.