Ƙadisiyya da Karbala a Bakin Shugabannin Yaƙi

A watan Satumba na 1980, sa'ad da rundunonin Iraƙi suka kutsa lardin Khuzistan na ƙasar Iran, musabbabin husumar bai ɓuya ga kowa ba: mashigar ruwan Shaɗɗul Arab, wadda yarjejeniyar Aljiyas ta 1975 ta raba wa ƙasashen biyu, da kuma fargabar shugaban Iraƙi Saddam Husaini kada juyin juya halin Ayatullahi Khumaini na Iran ya tsallako iyaka. Amma da yake uwa ba ta sallama ɗanta saboda mashigar ruwa, sai kowane shugaba ya shiga taskar tarihin Musulunci ya ɗauko wa abokin gabansa riga.

Saddam, wanda ba a kan addini aka kafa jam'iyyarsa ta Ba'as ba, ya raɗa wa yaƙin suna Ƙadisiyya, wato fagen da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya karya rundunar Rustum a zamanin halifancin Sayyidina Umar. Ta haka Iraniyawa, masu fuskantar alƙibla ɗaya da shi, suka wayi gari Majusawa a bakin gwamnatin Bagadaza. Dabarar a fili take. Galibin ƙananan sojojinsa 'yan Shi'a ne, ba makawa a riƙa tuna musu cewa su Larabawa ne, waɗancan kuwa Farisawa.

Malaman Tehran suka mayar da martani da abin da ya fi wannan kaifi, suka ce Saddam shi ne Yazidun zamani, filin daga kuma Karbala, har suka sanya wa hare-harensu wannan suna, ciki har da Karbala ta 5 a kusa da Basra a Janairun 1987, inda samari masu ɗaurin goshi suka yi ta faɗuwa dubu-dubu suna neman shahada.

A nan ne, a ganina, lafazi ya ɗaure mai shi, domin wanda ya rantse wa jama'a cewa da Yazidu yake yaƙi, da wane baki zai ce a zauna sulhu? Bayan Iran ta ƙwato birnin Khurramshahar a 1982, Iraƙi ta nemi tsagaita wuta, aka ƙi, aka ƙara shekara shida ana zub da jini, sai a Yulin 1988 Khumaini ya karɓi ƙuduri na 598 na Majalisar Ɗinkin Duniya, yana kwatanta hakan da shan guba. A Agustan 1990 kuwa, bayan rayuka dubban ɗaruruwa sun salwanta, Saddam ya amince da iyakar 1975 ɗin nan da ya yi watsi da ita.