Rijiya Mai Magana: Yadda Ƙarafa Ke Aiko Da Labari Daga Ƙarƙashin Ƙasa

Duk wanda ya san unguwar Nassarawo ta Jimeta ya san rugugin injin haƙa rijiyar burtsatse, musamman da rani, sa'ad da ruwan famfo ya yi wuya, 'yan ga-ruwa kuma suka tsawwala kuɗin jarka. Yola da Jimeta suna zaune ne bisa wani dutsen yashi wanda masana suka laƙaba wa sunan Bima, saboda dutsen Bima na Jihar Gombe, kuma a cikin ƙofofinsa da tsagoginsa ne ruwan da burtsatse ke zuƙowa yake kwance. Mai haƙa ba ya ganin inda bakin ƙarfensa yake ci. Dabararsa ita ce ya riƙa ɗiban garin dutsen da ke fitowa, ya murza a hannu, ya dubi launinsa, kana ya kasa kunne ga kukan inji. Da haka yake gane ko yashi ya tarar ko yumɓu.

Maginan rijiya na dā sun fi shi sauƙi ta wannan fuska, gama akwai mutum a ƙasa, in ya ga danshi sai ya ɗaga murya, ko ya girgiza igiya. To, amma ina dabara idan zurfin rijiyar ya zarce mil biyu, ramin kuwa ko ɗan yaye ba zai shiga ba?

RIJIYAR KOLMANI

Wannan tambaya ta shafi jama'ar Adamawa, domin kwarin Binuwai na sama yana da rassa biyu, na Yola da na Gongola, kuma a reshen Gongola ne aka daɗe ana neman man fetur. A shekarar 1999 kamfanin Shell ya haƙa rijiyar Kolmani ta ɗaya, ya sami iskar gas wadda ba ta kai ta ciniki ba, ya tafi. Ran 2 ga watan Fabrairu na 1919 da ɗari, wato 2019, Shugaban Ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya buɗe aikin rijiya ta biyu a ƙasar Alkaleri, kan iyakar Bauchi da Gombe. Cikin watan Oktoba na wannan shekara kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya ba da sanarwar cewa an sami mai da gas, bayan an nutsa ƙafa 13,701.

Tsawon kowane bututun haƙa wajen ƙafa 30 ne, ana ɗaura wani a kan wani. Ke nan rijiya mai wannan zurfi tana cin bututu fiye da 450. Garin dutsen da aka niƙa a can ƙasa yakan yi sa'a guda ko fiye kafin ya iso sama, ta yadda in da shi kaɗai aka dogara, labari ba zai zo ba sai bayan aikin gama ya gama.

Dabarar farko da Turawa suka fito da ita ta waya ce. A watan Satumba na 1927, a wani gari mai suna Pechelbronn a ƙasar Faransa, ma'aikatan wasu 'yan'uwa biyu, Conrad da Marcel Schlumberger, suka zura na'ura da waya cikin rijiya, suka auna yadda duwatsu ke karɓar lantarki. Dutsen da ya sha ruwan gishiri lantarki yana ratsa shi da sauƙi, wanda ya sha mai kuwa yana tare shi. Har gobe ana amfani da wannan hanya, sai dai tana da cikas babba: tilas a tsai da haƙa, a zaro bututu duka, sa'an nan a zura waya. Wannan yakan cinye yini guda, alhali kuɗin hayar injin yana ta hawa.

Barin waya a ciki ana haƙa abu ne mawuyaci, don bututun juyawa yake yi, kuma kullum ƙara masa gaɓa ake yi. Rediyo irin ta gida ma ba ta da amfani a nan, domin ƙasa mai danshi haɗiye ta take yi.

KALANGUN LAKA

Maganin da aka samo yana cikin abin da ke hannu tun farko. A wajen haƙa, ana tura wani kwaɓaɓɓen ruwan laka da manyan famfuna ta cikin bututu. Lakar tana sanyaya haƙoran ƙarfe, ta kwaso garin dutse ta dawo da shi sama ta gefen bututu, kana nauyinta ya danne gas kada ya taso. Sai masana suka sanya wani ɗan makulli a ƙasa, kusa da bakin haƙa, wanda ke matse hanyar lakar ya saki, ya matse ya saki. Duk matsewa ɗaya takan haifar da bugu a cikin lakar, bugun kuma ya hau sama da gudun da ya fi kilomita ɗaya cikin daƙiƙa, watau daga zurfi irin na Kolmani ba zai wuce daƙiƙa uku ko huɗu ba. A sama akwai na'urar da ke jin bugun, ta miƙa wa kwamfuta, ita kuwa ta mai da shi alƙaluma.

Wanda ya san yadda makaɗin kalangu ke matse tsarkiya ya saki, har mahauta su ji kirarinsu ba a buɗe baki ba, ya riga ya fahimci asirin. Kamfanin Teleco na Amurka ne ya fara sayar da wannan aiki a 1978. Wutar da na'urorin ke ci daga batir take fitowa, ko daga wata 'yar farfela da lakar ke juyawa.

Aibin wannan kalangu shi ne nawa. Abin da yake kawowa cikin minti guda, wayar hannu takan aika ninkinsa dubbai kafin ƙiftawar ido, ga kuma hayaniyar famfo da ke dagula saƙon. Saboda haka sai na'urar ta zaɓi labarin da ya fi muhimmanci ta aiko: ina bututu ya dosa, yaya karkatarsa, wane irin dutse ake ci, yaya matsin ramin. Sauran ta adana a ƙwaƙwalwarta har ranar da za a fito da ita.

HIRA TSAKANIN ƘARAFA

Akwai kuma wata matsala a can ƙasa. Na'urar da ke aiko da saƙo takan kasance ƙafa 40 ko fiye a bayan haƙoran, domin tsakaninsu akwai injin da laka ke juyawa, wanda ratsa waya ta cikinsa ke da wuya. Ashe abin da take faɗa labarin inda aka riga aka wuce ne. Idan shimfiɗar dutsen mai ba ta da kauri, kafin a farga an fice daga cikinta.

Don haka aka dasa ƙananan ma'aunai dab da haƙoran, aka ba su hanyar yin gajeriyar magana da babbar na'urar ba tare da waya ba. Wasu suna sakin lantarki mai rauni ya ratsa laka da dutse, ya tsallake injin, 'yar'uwarsu ta cafe a sama. Wasu kuwa amo suke aikawa ta jikin ƙarfen. Babbar sai ta haɗa da nata labarin, ta buga wa na sama. A rijiyoyin tudu waɗanda ba su cika zurfi ba, ana iya aiko da saƙon lantarkin har doron ƙasa, a kama shi da turakun ƙarfe da aka kafa a fili. Wannan hanya tana aiki ko da iska ake haƙa ba laka ba, amma dutse mai ruwan gishiri yakan kashe ta.

Na sama su ma suna mai da amsa. Idan injiniya yana so bakin haƙa ya karkata, sai ya rage ƙarfin famfo ya ƙara bisa wani tsari da aka shirya, na'urar ƙasa ta gane umurnin ta juya. Da irin wannan ne a 2017 aka haƙa rijiya mai tsawon mita 15,000 a tekun tsibirin Sakhalin na Rasha, yawancinta a kwance. Tun wajen 2006 kuma aka fara sayar da bututu mai waya a jikinsa, wanda ya fi kalangun laka sauri nesa ba kusa ba, sai dai tsada.

Duk wannan a cikin zafi ake yinsa. Kowace kilomita aka nutsa, zafi yakan ƙaru da digiri 25 zuwa 30. Ruwan Zafi na Lamurde da maɓuɓɓugar Wikki ta Yankari shaida ne cewa cikin ƙasa ba sanyi.

ABIN DA KE CIKIN LAMARIN

Amfanin farko na rai ne. Idan gas ya kutso cikin rami, matsin ƙasa yakan canja, kuma wanda ya ji da wuri shi ke da damar rufe rijiya. A watan Afrilu na 2010, gas ya ƙwace a wata rijiya a tekun Meziko, mutum 11 suka halaka, mai ya yi ta malala kusan wata uku. Rigakafi dai ya fi magani.

Na biyu na ruwa ne. Dutsen Bima da ke shayar da Jimeta yana cikin duwatsun da masu neman mai ke bi a kwarin Binuwai. Sanin ainihin inda rami ya bi, da inda ya kamata a sa bututun kariya a zuba siminti, shi ke raba ruwan sha da ƙazantar haƙa.

Na uku na aikin yi ne. A Nijar, man Agadem ya kai ga buɗe matatar Damagaram a 2011. A Kolmani ma an yi bikin ƙaddamar da aikin ci gaba a watan Nuwamba na 2022. Ko yaushe aikin ya kankama, waɗanda suka iya karanta saƙon ƙarafa su ne za su zauna a ɗakin awo, sauran su yi dako da gadi. Jami'ar Modibbo Adama ta Yola, wadda aka kafa a 1981, tana koyar da ilmin duwatsu da na injiniya. Ya rage ga hukuma da iyaye su tura yara tun yanzu, gama da sanyin safiya ake kama fara.