Ƙwayar da Ba a Yanke Ta Dare Ɗaya: Shiri na Musamman kan Maganin Tabon Ɓargo

(Kiɗan buɗe shiri)

Yau shirin zai leƙa cikin ƙashi, can inda ɓargo yake, mu tattauna wata cuta da ba kasafai ake jin sunanta ba, da ƙwayar da ake haɗiya dominta. Likitoci na kiran cutar mayelofaiburosis. Maganin kuwa ruxolitinib, wanda ake sayarwa da sunan Jakafi a Amurka, Jakavi a sauran ƙasashe. Mai neman biro ya nemo, zan maimaita sunan.

A taƙaice, ɓargo ne ke sarrafa jini. A wannan cuta sai tabo ya riƙa cin wurinsa har aikin ya gagare shi, sai saifa da hanta su ɗauki nauyin. Saifa ta kumbura ta danne ciki, mutum ya ci loma biyu ya ce ya ƙoshi. Ga rama, ga kasala, ga zufa cikin dare, ga ƙaiƙayi da ciwon ƙashi. Ta fi kama dattawa. Wani likita Bajamushe, Gustav Heuck, ya bayyana ta tun 1879, amma sai a 2005 aka gano tangarɗa a ƙwayar halittar JAK2, wadda ake samu a jikin fiye da rabin masu cutar. Daga nan aka samu bakin zare, kuma a Nuwambar 2011 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da ruxolitinib.

Yana aiki kuwa? Yana yi. A wani babban gwaji mai suna COMFORT-1, da aka yi da mutum 309, kusan kashi 42 cikin ɗari na masu shan maganin saifarsu ta ragu da fiye da kashi ɗaya bisa uku cikin makonni 24. A cikin waɗanda aka bai wa ƙwayar da babu magani a cikinta, ko kashi ɗaya ba a samu ba. Sai dai a ji da kyau: sauƙi yake kawowa, ba waraka ba. Dashen ɓargo kaɗai ke iya raba mutum da cutar, shi ma ba kowa ke iya jure shi ba.

To ga batu na farko, inda labarin ya ɗauki hankalina. A Disambar 2011, wata guda kacal bayan amincewar, ana tsakiyar murna, sai wasu likitoci biyu na asibitin Mayo da ke jihar Minesota suka fitar da rahoto. Ɗaya shi ne Ayalew Tefferi, haifaffen ƙasar Habasha, ɗayan kuma Animesh Pardanani. Su ba abin da ke faruwa lokacin shan maganin suka duba ba. A'a. Abin da ke biyo bayan daina shi suka bi diddigi. Cikin majinyatansu 47 da suka daina, biyar sai da aka kwantar da su a asibiti. Saifar da ta lafa ta sake tasowa cikin 'yan kwanaki, jini ya yi ƙasa, wasu har jikinsu ya rikice kamar wanda ƙwayar cuta ta mamaye jininsa.

Me ya jawo haka? Cutar tana sa jiki ya riƙa kwararo sinadaran kumburi, maganin kuma yana tare su ne kawai, kamar madatsar ruwa. Ruwan bai ƙafe ba, yana nan a baya. Ka buɗe ƙofar gaba ɗaya cikin dare, ka san abin da zai sami mutanen gangare. Shi ya sa idan dainawa ta zama dole, likita ke rage shi kaɗan kaɗan, mako bayan mako, yana sa ido.

Saboda haka Baba, in ka ji ƙarfi ya dawo, abinci ya fara shiga, kada ka ce ka warke ka ajiye kwalba. Hajiya, in kin ga saura na mako biyu, yau za a fara neman wani, ba ranar da ya ƙare ba. Maganin nan yana da tsada ƙwarai, kuma ba kowane kemis ke ajiye shi ba. Tun ran gini, tun ran zane: kafin a haɗiyi ƙwayar farko, iyali su zauna da likita a san inda na wata mai zuwa zai fito. In kuma za a kwanta asibiti saboda wata larura dabam, ko da tiyata ce, a faɗa musu ana shan ruxolitinib. Na maimaita: ruxolitinib, kuma ba a yanke shi dare ɗaya.

(Kiɗa)

Batu na biyu, gwajin jini. Sau biyu ake shan maganin a rana, kuma yawansa ya dogara ne da adadin ƙwayoyin da ke daskarar da jini. Wanda nasa suka haura 200,000 a kowace maikurolita akan fara masa da miligiram 20. Tsakanin 100,000 da 200,000, miligiram 15. Ƙasa da haka, a rage sosai. Kun ga ke nan na maƙwabci ba naka ba ne. Maganin da kansa yana rage waɗannan ƙwayoyi, yana kuma rage jajayen ƙwayoyin jini, musamman a watannin farko, don haka ake auna jini duk bayan mako biyu zuwa huɗu har sai an daidaita. Haɓo, jini a dasashi, baƙin bayan gida, ko taruwar jini a ƙarƙashin fata ba tare da buguwa ba, duk na zuwa asibiti ne a ranar. Ina roƙon arziki a wajen wanzamanmu: mai wannan larura ba a yi masa ƙaho, ba a yi masa tsaga a kan saifa.

Na uku, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye: maganin yana raunana garkuwar jiki. Tarin fuka da ciwon hanta nau'in B suna iya kwanciya shiru a jiki shekara da shekaru, su farka idan garkuwa ta yi sanyi, kuma dukansu biyu ba baƙi ba ne a ƙasashenmu. A gwada su kafin a fara. Tari mai naci, zazzaɓi, idanu su yi rawaya, ko ƙuraje masu raɗaɗi a gefe ɗaya na jiki, kada a tsaya ana jiƙe-jiƙe.

Mai kula da na'ura yana nuna mini agogo, bari in yi sauri. Wasu magunguna suna sa ruxolitinib ya taru a jini, irin su ketoconazole, clarithromycin, ritonavir, da fluconazole in an sha da yawa. Rifampicin na tarin fuka kuwa rage masa ƙarfi yake yi. A tattara duk abin da ake sha, har na gargajiya, a nuna wa likita. In an manta ba a sha ba, kada a ninka, a jira lokaci na gaba. Mai ciwon ƙoda ko hanta a rage masa. Mai juna biyu da mai shayarwa su sanar tun farko. Sabon gyambo ko tsiro a fata, a kai a duba.

Masu ciwo, Allah Ya ba ku lafiya, masu jinya Allah Ya ba da lada. Lokaci ya yi mana halinsa, sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Assalamu alaikum.

(Kiɗan rufe shiri)