Tarin da ke biyo mutum gida bayan tiyatar sankarar huhu

A watan Afrilun 1933, a asibitin Barnes da ke birnin St. Louis na Amurka, likitan fiɗa Evarts Graham ya cire huhun hagu ɗungurungum daga ƙirjin wani abokin sana'arsa, Dakta James Gilmore, wanda sankara ta kama. Kafin wannan rana ba a taɓa yi wa mai sankara irin wannan aiki a zama ɗaya ya tashi ba. Gilmore ya tashi, ya koma bakin aikinsa na karɓar haihuwa a Pittsburgh, ya ƙara shekara 30 a duniya. Shi kuwa Graham, wanda ya daɗe yana zuƙar taba, sankarar huhun ce ta yi ajalinsa a 1957.

A wancan zamani abin da ake tambaya kawai shi ne ko majinyaci zai rayu. Yau aikin ya yi sauƙi ƙwarai. Huhun dama kashi uku ne, na hagu biyu, kuma galibi kashi ɗaya ake cirewa ko ma wani yanki nasa, sau da yawa ta ƙananan huji da ake zura kyamara. Cikin 'yan kwanaki sai a sallami mutum. Amma akwai abin da kan biyo shi gida, wanda ba kasafai ake gaya masa tun kafin a shiga da shi ɗakin tiyata ba: tari. Rahotannin likitocin ƙirji sun nuna cewa tsakanin kashi 25 zuwa 50 cikin 100 na waɗanda aka yi wa aikin suna fama da shi.

Busasshen tari ne, ba ya fitar da komai. Yakan fara da ƙaiƙayi can ƙasan maƙogwaro, sai ya turnuƙe mutum in ya yi doguwar magana, ko dariya, ko ya shaƙi iska mai sanyi. Yana cikin sahun sallah ya sarƙe shi, yana waya ya katse masa zance, da dare ya hana shi barci ya hana na kusa da shi. Duk tari ɗaya sai ya taɓo wurin ɗinki tsakanin haƙarƙari. Wasu mata har fitsari kan kuɓuce musu, kunya ta hana su faɗa wa likita. Masu dubiya kuwa sai su ce, “Sannu, ai a gode wa Allah, tari mai sauƙi ne.” Godiya ta zama dole, amma wanda ya yi wata uku bai samu barcin kirki ba, ya cancanci a duba lamarinsa da gaske.

A makonnin farko tarin alheri ne. Majina kan taru a huhu bayan maganin barci da kwanciyar asibiti, in ba ta fita ba sai ta jawo ciwon huhu. Shi ya sa ma'aikatan jinya ke sa majinyaci ya zauna, ya rungume filo ya danne gefen da aka yanka, ya ja numfashi sosai, sannan ya yi tari ko ya huro iska da ƙarfi baki a buɗe. Wanda ya danne tari a wannan lokaci don tsoron zafi, kansa yake cuta. Abin da ya dace shi ne ya sha maganin rage zafin da aka ba shi a kan lokaci, ya riƙa tashi yana tattaki.

Tarin da ya wuce mako 8 shi ne abin bincike. A lokacin tiyatar, ba huhu kaɗai likita ke taɓawa ba. Yakan kwashe kaluluwar da ke tsakiyar ƙirji, a gindin inda bututun iska ya rabu biyu, don a gano ko sankarar ta yaɗu. A daidai wurin ne ƙananan rassan wata babbar jijiya ke ratsawa, wadda ita ke kai wa ƙwaƙwalwa saƙon cewa a yi tari. In aka taɓa su sai su zama masu saurin harzuƙa, abin da bai kai ya kawo ba ya tayar da su. Ga kuma ragowar huhun da kan miƙe ya cike gurbin da aka bari, bututun iska ya ɗan lanƙwashe. Ga dungun bututun da aka ɗinke, wanda kan yi kumburi na ɗan lokaci.

Akwai dalilan da ma ba a huhun suke ba. A 2005 wasu likitocin fiɗa a Japan, ƙarƙashin Noriyoshi Sawabata, sun lura cewa da yawan masu wannan tari suna da ƙwannafi, kuma da aka ba su maganin rage ruwan tsamin ciki tarin ya lafa wa da dama. Don haka daina cin abinci dab da kwanciya da ɗaga gadon ta wajen kai suna da amfani. Haka nan magungunan hawan jini irin su lisinopril da captopril, waɗanda ake yawan rubutawa a asibitocinmu, sun shahara da jawo busasshen tari. Likita na iya sauya su da wani, amma kada mutum ya daina sha da kansa.

Wanda aka yi wa aiki a Indiya ko Masar ko a nan gida, ya dawo Kano ko Damagaram cikin hunturu, yana da ƙarin aiki a gabansa. Ƙura da hazo, hayaƙin itace a madafi, hayaƙin janareto, maganin sauro na kunnawa, har turaren wuta da ake sa wa ɗakin mara lafiya don karramawa, duk suna tsokanar tarin. Takunkumin hanci a kan hanya da yayyafa ruwa kafin shara suna rage wahala. Taba da shisha kuwa babu su, ko na mai zama kusa da shi. Kuma da yake Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yawa a duniya, bai kamata a ɗora komai a kan tiyata ba. Gwajin kaki zai raba gardama.

Wani tarko shi ne kantin magani. A 2018 gwamnatin Najeriya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan binciken BBC ya fallasa yadda matasa ke ɗirkarsa. Mai ragowar huhu ya fi kowa bukatar nisantar irin waɗannan kwalabe, domin suna rage ƙarfin numfashi. In tarin ya gagara, akwai magungunan da likita kan gwada da awo, irin su gabapentin, wanda wani gwaji da aka yi a Ostareliya aka wallafa a 2012 ya nuna yana rage tarin da ya ƙi jin magani. Akwai kuma dabarar da masu gyaran murya ke koyarwa: da zarar ƙaiƙayin ya taso, mutum ya kurɓi ruwa, ya haɗiye da ƙarfi, ya shaƙi iska ta hanci a hankali, ya fitar ta tsukakken baki. Cokalin zuma a ruwan ɗumi na sanyaya maƙogwaro, sai dai mai ciwon suga ya kiyaye.

Tsoron da ke cin mai tarin, ko bai furta ba, shi ne ko sankarar ce ta dawo. Galibi ba ita ba ce, kuma ga mafi yawa tarin kan ragu cikin watanni, ko da yake yakan kai shekara ga wasu. Amma akwai alamun da ba a kwana da su: jini a kaki, zazzaɓi, kaki mai wari ko mai kama da mugunya, haki da ke ƙaruwa, rama, dishewar murya tare da ƙwarewa in an sha ruwa. Mafi gaggawa shi ne ruwa ya riƙa ɓulɓulowa da tari in mutum ya kwanta ta gefen da ba a yanka ba, musamman ga wanda aka cire wa huhu guda, domin hakan na iya nuna ɗinkin bututun ya buɗe. Wannan a nufi asibiti da shi nan take, yana kishingiɗe ta gefen da aka yi wa aikin.