BABI NA HUƊU: MAYAR DA TSOHUWAR MOTAR SOJA ƊAKIN KWANA DA GYARAN BIRKINTA

4.0 Gabatarwa

A wannan babi an yi ƙoƙarin bayyana yadda ake ɗaukar tsohuwar motar soja, wadda aka sayo a gwanjo, a mayar da ita ɗakin kwana mai tafiya. An dubi asalin irin waɗannan motoci, da dalilin da ya sa suka dace da yanki irin na Dingyaɗi da Boɗinga da Shagari, sannan aka bi matakan aikin ɗaya bayan ɗaya. An fi ba da ƙarfi ga gyaran birki, domin shi ne sashen da ido ba ya gani, kuma a kansa ne rayukan waɗanda ke cikin motar da na sauran masu bin hanya suka rataya.

4.1 Asalin Motocin Gwanjon Soja

Motar gwanjon soja ita ce motar da rundunar soja ta gama amfani da ita, ta cire ta daga lissafin kayanta, aka sayar wa farar hula. Wannan ciniki ya bunƙasa ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, wanda ya ƙare a 1945. A lokacin an bar manyan motoci masu yawa ba aikin yi, sannan kuma sojojin Nijeriya da suka dawo daga Bama, da dama daga cikinsu sun koyo tuƙi da kanikanci a bakin daga. Haka kuma bayan yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970, tsofaffin sojoji sun ƙara yawa a cikin sana'ar tuƙi.

Daga cikin motocin da suka yi suna akwai Bedford, ƙirar Ingila. Samfurin RL ya shiga aikin sojan Ingila a farkon shekarun 1950, shi kuwa samfurin MK mai ɗaukar tan 4 ya gaje shi daga 1970. Dukansu ƙafafunsu huɗu ne ke ja. A ɓangaren Amurka kuwa akwai M35, mai ɗaukar tan biyu da rabi a hanyar daji, wadda gatarinta uku duk suke ja.

Mayar da irin waɗannan motoci gidan kwana ya fi shahara a hannun Turawa masu yawon buɗe ido. A shekarun 1970 da 1980 sukan keto Sahara a cikin tsofaffin Bedford, su biyo ta Tamanrasat da Arlit da Agadas. Daga nan wasu su bi ta Damagaram zuwa Kano, wasu kuma su bi ta Tawa da Birnin Ƙonni su shigo Illela da Sakkwato. Wannan zirga-zirga ta ja baya ƙwarai sakamakon tawayen Abzinawa da ya ɓarke a Nijar a 1990, da kuma rikicin Aljeriya da ya soma a 1992.

4.2 Dacewar Motar da Yankin Dingyaɗi

Dingyaɗi tana cikin Ƙaramar Hukumar Boɗinga, kudu da birnin Sakkwato. Babbar hanyar da ta tashi daga Sakkwato zuwa Jega tana ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal. Sai dai da zarar an sauka daga kwalta zuwa ƙauyuka, sai a haɗu da rairayi a lokacin rani, da kuma taɓo da zaizaya a lokacin damina. A nan ne motar soja take nuna fifikonta, saboda tana da tsawo daga ƙasa, ga ƙarfin shasi, ga kuma ja da dukkan ƙafafu.

Dangane da kwana a mota, wannan ba baƙon abu ba ne ga Bahaushe. Direban gingimari da yaran motarsa, idan suka ɗauki albasa ko shanu zuwa kurmi, sukan yi kwanaki a hanya, suna shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin mota ko a saman kaya. Haka kuma kafintocin da ke gina bodin katako a kan shasi sun daɗe da wannan sana'a a ƙasar Hausa. Abin da ya bambanta ɗakin kwana da bodin kaya shi ne, ana rufe shi ruf, a sa masa gado da wurin girki da tankin ruwa. Waɗanda irin wannan mota za ta fi yi wa amfani sun haɗa da masu haƙa rijiyar burtsatse, da fatake masu bin kasuwannin ƙauye, da ma'aikatan da aikinsu ke sa su kwana a daji.

4.3 Matakan Aikin

Matakin farko shi ne na takardu. Wajibi ne mai mota ya riƙe takardar gwanjo da ke nuna cewa motar ta fita daga hannun soja ta hanyar halal, sannan ya yi mata rajista da lambar farar hula. Bugu da ƙari, dole ne a sauya mata fenti, domin tun 1977 doka ta hana farar hula amfani da mota mai launin koren soja a Nijeriya. A wannan yanki farin fenti ya fi dacewa, tun da yake zafin watannin Maris zuwa Mayu yakan haura digiri 40. Akwai kuma batun sitiyari. Nijeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, alhali da yawa daga cikin motocin sojan Ingila sitiyarinsu a dama yake, wanda hakan ke hana direba ganin gabansa sosai idan zai wuce wata mota.

Mataki na biyu shi ne na bakanike, wato duba inji da giya da sifirin da tayoyi da birki. Mataki na uku ne na mai walda da kafinta. Ba a liƙa ɗakin kai tsaye a kan shasi da walda, domin shasin motar soja an yi shi ne ya riƙa murɗawa a hanya mai gargada. Idan aka ƙulle shi da ɗaki, to ko dai ɗakin ya tsage ko shasin ya karye. Saboda haka ake fara shimfiɗa wani ƙaramin firam a sama, a ɗaure shi da noti ta yadda zai ɗan yi motsi. Bayan haka a tayar da bango, a bar sarari tsakanin kwanon waje da katakon ciki don rage zafi, a fitar da tagogi a ɓangarori biyu, a sa musu raga saboda sauro. Ba a hura gawayi a cikin ɗakin yana rufe, domin iskar da ke fita daga garwashi ba ta da wari, kuma tana kashe mai barci.

Kuskuren da aka fi tafkawa shi ne a fara da mataki na uku. Mai mota yakan kashe kuɗinsa a kan gado da labule da fenti, sai kuɗi ya ƙare kafin a zo kan birki.

4.4 Yadda Birkin Yake Aiki

Yawancin motocin soja na wannan aji, irin su MK da M35, suna amfani ne da birkin da ya haɗa iska da mai. Sassansa kamar yadda kanikawa ke kiransu su ne:

(a) Kwamfuresa: famfon da inji ke juyawa domin tara iska.
(b) Tankin iska: inda ake adana iskar, kuma geji ne ke nuna yawanta a gaban direba.
(c) Masta: tulun da ke tura man birki idan direba ya taka.
(d) Mataimakin birki: na'urar da ke amfani da iska ta ninka ƙarfin ƙafar direba.
(e) Bututun ƙarfe da tiyon roba: hanyoyin da man ke bi zuwa ƙafafu.
(f) Silindar ƙafa: ita ke buɗe takalman birki idan mai ya iso.
(g) Takalmi da lainin: su ne ke goga jikin ganga.
(h) Ganga: ƙarfen da ke juyawa tare da taya.

Idan direba ya taka birki, masta zai tura mai, iska ta ƙara masa ƙarfi, silindar ƙafa ta buɗe takalma su matse ganga, sai gudun mota ya rikiɗe ya zama zafi. Abin lura a nan shi ne, wasu tsofaffin samfura, kamar M35 na farko, layin mai ɗaya tak suke da shi. Ke nan idan tiyo ɗaya ya fashe, to birkin dukkan ƙafafu ya tafi a lokaci guda. Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to a irin wannan mota tsaga ɗaya ta isa.

4.5 Matsalolin Birki da Gyaransu

Motar gwanjo takan yi shekaru a ajiye, kuma zama ya fi tafiya lalata birki. Roba takan bushe ta tsage, silinda ta yi tsatsa, takalmi ya manne da ganga. Don haka ba a dogara da cewa motar ba ta yi tafiya mai yawa ba.

Na farko, a sauya dukkan tiyon roba da robobin masta da na silindar ƙafa, ko da ba su nuna lahani a ido ba. A bi bututun ƙarfe tun daga gaba har baya ana neman tsatsa. Ba a wanke robar birki da fetur ko kananzir, domin suna kumbura ta. Da man birki mai tsabta ake wanke ta.

Na biyu, batun man birki. Mai samfurin DOT 3 da DOT 4 yana shan danshin iska. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, amma idan ya sha ruwa yana iya tafasa a digiri 140. Idan mai ya tafasa sai ya zama tururi, direba ya taka ya ji birki ya nutse ba tare da ya ci ba. Wannan ne ya sa ake sauya shi gaba ɗaya duk bayan kimanin shekara 2. Sojan Amurka kuwa sun koma amfani da DOT 5, wanda asalinsa dabam ne, kuma ba a gauraya shi da sauran. Tilas bakanike ya gane wanda ke cikin motar kafin ya ƙara. Al'adar zuba ruwan sabulu a madadin man birki idan ya ƙare a hanya tana da haɗari ƙwarai, saboda ruwa yana tafasa a digiri 100, sannan yana cinye silinda da tsatsa. Haka ma daddaƙe bututun ƙafar da ke yoyo don a ƙarasa tafiya, yakan sa mota ta fizge gefe guda idan aka taka birki.

Na uku, a buɗe kowace ganga a duba lainin. Idan ya cinye har ƙusoshinsa sun kusa taɓa ganga, ko kuma ya jiƙe da man gatari, to sai an sauya shi. A sauya ƙafar hagu da ta dama tare. Tsohon lainin yakan ƙunshi asbesto, wanda ƙurarsa ke lalata huhu, saboda haka ba a hure ganga da baki ko da iska, da jiƙaƙƙen tsumma ake gogewa.

Na huɗu shi ne bilidin, wato fitar da iskar da ta maƙale a cikin layin mai. Mutum biyu ke yin sa: ɗaya yana taka birki ya riƙe, ɗaya yana sassauta ƙaramin notin da ke bayan ƙafa har kumfa ya daina fita. Ana farawa da mataimakin birki, sannan ƙafar da ta fi nisa da masta, a ƙare da mafi kusa, ana lura kada man da ke cikin masta ya ƙare.

Na biyar, ɓangaren iska. Ruwa yakan taru a gindin tankin iska, musamman da damina, don haka ake buɗe famfon ƙasa a tsiyaye shi kullum. Da hunturu kuwa ƙura ce ke toshe matatar kwamfuresa. Hanyar gwaji ita ce a tara iska har geji ya cika, a kashe inji, a taka birki a riƙe na minti ɗaya. Idan geji ya yi ta sauka, ko ƙafa ta yi ta nutsewa, to akwai yoyo. Daga ƙarshe a daidaita birkin hannu, a kuma tanadi waigi na katako.

4.6 Dangantakar Nauyi da Birki

Gina ɗaki yana sauya halin mota. A da takan ɗauki kaya ta sauke, yanzu kuwa nauyin ya zauna mata dindindin. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, ke nan duro biyu masu cin lita 200 kowanne sun kai kilo 400. Duro ɗaya na man dizal kuma ya kusa kilo 170. Idan aka haɗa da ƙarfe da katako da batura da mutane, za a ga an ci kaso mai yawa na tan 4 da aka ƙayyade wa mota irin MK. Ya kamata a ajiye tankuna a ƙasa, kusa da tsakiyar mota, domin nauyin da aka ɗora a rufi yana jawo kifewa a kwana.

Gudu ma yana da nasa lissafin. Idan aka ninka gudu daga kilomita 40 zuwa 80 a awa, nisan da mota za ta ci kafin birki ya tsayar da ita yakan ninka sau huɗu. Motar soja ba don gudun kwalta aka ƙera ta ba. A hanya irin ta Sakkwato zuwa Jega, wadda ke ratsa garuruwa, inda yara da babura da dabbobi ke tsallakawa, wannan lissafi na rai da mutuwa ne. A gangare kuwa, direba ya sauko da giya tun kafin ya soma sauka, don kada ganga ta ɗau zafi birki ya shanye. Bayan an gama aiki, ya dace a gwada motar da cikakken lodinta a fili, sannan a kai ta ga jami'an duba lafiyar motoci. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, ita ma tana da ikon tsayar da motar da ba ta cancanci hawa hanya ba.

4.7 Naɗewa

A wannan babi an ga cewa tsohuwar motar soja tana iya zama ɗakin kwana mai amfani a yankin Dingyaɗi da kewaye, saboda ƙarfinta a rairayi da taɓo. An kuma ga cewa aikin yana da tsari: takardu da fenti, sai aikin bakanike, sannan na mai walda da kafinta. Bayanin ya nuna cewa dogon zama yana lalata birki, ƙarin nauyi kuma yana ƙara masa aiki, don haka kuɗin tiyo da robobi da lainin da man birki su ne ya kamata a fara warewa kafin a sayi katako ko ƙyalle ɗaya na labule.