O Cebreiro: Zangon Kan Dutse a Hanyar Santiago

A garin Villafranca del Bierzo, arewa maso yammacin Sifaniya, akwai wata tsohuwar coci mai ƙofa a gefe da ake ce wa Ƙofar Gafara. A zamanin da, Kiristan da ya taso ziyarar ibada zuwa birnin Santiago de Compostela, ciwo ya kayar da shi a nan, in dai ya iya jan jiki ya kai wannan ƙofa, cocin Katolika kan lissafa masa ladan wanda ya kai ƙarshen tafiya. Ba banza aka yi rangwamen a daidai wannan gari ba. Gaba kaɗan duwatsun da suka raba yankin Leon da Galisiya suka tokare hanya, kuma can a samansu, kusan mita 1,300 daga gaɓar teku, akwai wani ɗan ƙauye na dutse da jinka mai suna O Cebreiro. Marar lafiya in ya ce sai ya hau, sau da yawa a hanya ake binne shi.

Kiristoci sun yi imani cewa kabarin Yakubu ɗan Zabadi, ɗaya daga cikin almajirai 12 na Annabi Isa, yana Santiago, kuma tun ƙarni na 9 mutane ke tururuwa can. Sunan wurin ya kai har kunnen sarakunan Andalus: a shekarar 997 Almansur, wazirin Ƙurɗuba, ya ci birnin da yaƙi, ya kwashe ƙararrawar coci, amma ya bar kabarin bai taɓa ba. Hanyar da ta fi shahara a yau ita ce wadda ta taso daga Saint-Jean-Pied-de-Port a Faransa, kusan kilomita 780, tafiyar wata guda da 'yan kwanaki a ƙafa. Wanda ya iso O Cebreiro ya ci mafi yawanta. Saura kamar kilomita 150.

Daga Villafranca zuwa ƙauyen kilomita 28 ne ko kusa da haka, amma kada lissafin ya ruɗe ka. Kilomita 20 na farko kwari ake bi, gefen rafin Valcarce, ƙasa shimfiɗe, babbar hanyar mota tana ratsawa ta sama a kan dogayen gadoji. A wannan kwari ne masu ganuwa na da suke tare matafiya suna tatsar kuɗin wucewa, har sai da Sarki Alfonso na 6 ya soke harajin a 1072. Wahalar tana farawa ne bayan ƙauyen Las Herrerias. Cikin kilomita 8 kacal mutum zai hau fiye da mita 600. Da farko turba ce mai ƙunci, duwatsu zube a ƙasa, itatuwa sun rufe sama, kashin shanu da taɓo sun gauraya, in an yi ruwa santsi ba a magana. A La Faba, ƙauyen da ke tsakiyar hawan, za ka tarar da mutane zaune a bakin famfo, sun tuɓe takalma suna duba bororon ƙafa, kowa na haki, ba mai ƙarfin hira sai dai gaisuwar hanya, "Buen Camino". Daga nan itatuwa sukan janye, fili ya buɗe, tsaunuka su jeru har iya ganinka. A wuce Laguna de Castilla, sai a iske wani dogon dutse da aka kafa, alamar an shiga Galisiya. Wanda gwiwarsa ba ta da ƙarfi yana iya hayar doki daga Las Herrerias, kuma babu abin kunya a ciki. Manyan da ma a kan dabba suka hau.

Ƙauyen kansa, gaskiya, ana gama zagaya shi cikin rabin sa'a. Titi ne na shimfiɗaɗɗen dutse, gidaje 'yan kaɗan masu kaurin bango, coci, masaukai, sai shagunan tsaraba. Motocin yawon buɗe ido sukan sauke jama'a da hantsi, a ɗauki hoto, a sayi ƙumbar teku wadda ita ce tambarin hanyar, a koma mota. Waɗannan sun ga O Cebreiro, amma ina shakkar sun gane shi. Duk abin da ke cikin ƙauyen an yi shi ne domin mutumin da ya iso a jiƙe, a gajiye, yana rawar sanyi, kuma sai ka iso a haka kaurin bangon da gajartar ƙofofin suke yi maka ma'ana.

Dubi gidajen da suke kira palloza. Bahaushe yana ganinsu zai tuna da ɗakin jinka na ƙauyenmu, sai dai bangon na dutse ne, gajere, zagaye ko mai siffar ƙwai, jinkar kuma doguwa ce mai gangara, an baibaye ta da karan wani hatsi dangin alkama. Gangarar domin dusar ƙanƙara ta zame ce, zagayen kuma domin iska ta rasa kusurwar da za ta kama. A ciki mutane da shanu rufi ɗaya suke kwana, katako ne kawai ya raba su, ɗumin jikin dabbobi yana taimaka wa murhu. Babu bututun hayaƙi. Hayaƙin yakan tashi ya ratsa jinkar a hankali, ya kori ƙwari, ya busar da naman da aka rataya, ya bar rufin baƙi ƙirin. Ba kayan tarihin dubban shekaru ba ne kawai: har shekarun 1960 akwai iyalan da ke zaune a cikinsu. Yanzu an mai da wasu gidan adana kayan gargajiya, ana shiga a ga tukwane da gadon katako da sarƙar rataye tukunya a kan wuta.

Cocin, Santa Maria la Real, asalinta tun ƙarni na 9 ne, tana cikin mafi tsufa a duk hanyar, ko da yake ginin da ake gani yanzu an sake tayar da shi a shekarun 1960 a kan tsohon tushe. Kusa da ita akwai masaukin baƙi wanda 'yan zuhudu daga Aurillac ta Faransa suka riƙe ɗaruruwan shekaru, kuma ana cewa in hazo ya sauka sukan yi ta kaɗa ƙararrawa domin wanda ya ɓace ya bi sauti. A cikin cocin an ajiye wani kofi da faranti na ƙarni na 12. Mabiya Katolika suna ba da labarin cewa wajen shekarar 1300 wani manomi daga ƙauyen Barxamaior ya hau dutsen cikin guguwar ƙanƙara domin ibada, limamin cocin ya raina wahalarsa a zuci, sai gurasa da ruwan inabin ibadar, da ke cikin wannan faranti da kofi, suka zama nama da jini. Wannan imaninsu ne. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne labarin ya bazu a Turai, har Sarauniya Isabel da mijinta Fernando suka tsaya a nan a 1486 suka ba da kyautar mazubin ajiye abin da ake cewa ya rage na naman da jinin.

Amma in ka tambaye ni kabarin da ya fi cancanta a tsaya a kansa a cikin cocin, zan nuna maka na Elias Valiña. An turo shi limanci a wannan ƙauye a 1959, lokacin da hanyar Santiago ta kusa mutuwa. A shekarun 1970 akwai shekarar da waɗanda suka karɓi takardar kammala tafiya ba su kai 100 ba. Turbobi sun cike da ciyawa, wasu manoma sun haɗe su da gonaki, wasu kwalta ta cinye. Valiña ya yi karatun digirin digirgir a kan tarihin hanyar, ya bi diddigin inda ta bi a da, ya tsaya kai da fata aka gyara cocin da gidajen jinkar. A 1984 sai ya ɗauki gwangwanayen fenti ruwan ɗorawa, wanda ake cewa ragowar masu aikin titi ne, ya zuba a tsohuwar motarsa, ya shiga zana kibiya a kan duwatsu da bango da gindin itace tun daga iyakar Faransa har Santiago. Ana ba da labarin jami'an tsaro sun tare shi kusa da iyaka suna tambayar abin da yake ƙullawa, ya ce musu mamaya yake shiryawa daga Faransa. Ya rasu a 1989, bai ga mamayar ba. A 1993 mutum sama da 99,000 suka karɓi takardar, a 2023 sun haura 440,000, kuma har gobe kibiyar nan suke bi. Ba wata babbar kwangila ce ta farfaɗo da hanyar ba tun farko, sanin inda ta bi ne da gwangwanin fenti.

Shawarata ga mai zuwa: ya kwana. Da yamma motoci sun watse, sai a hau ɗan tudun da ke saman ƙauyen, a ga tsaunukan Os Ancares ta arewa, na O Courel ta kudu. Da sassafe kuma sau da yawa gajimare yakan cika kwaruruka a ƙasa, ƙauyen yana sama cikin rana. Masaukin gwamnatin Galisiya yana da gadaje kusan 100, ba a kama wuri tun kafin zuwa, mai ƙafa ake fara ba, kuma sai da ɗan littafin tafiya da ake buga wa hatimi a kowane zango. Ƙarfe 10 na dare an rufe ƙofa, ƙarfe 8 na safe kowa ya kama hanya. A sani, gadaje ne masu hawa biyu a babban ɗaki, maza da mata a haɗe. Wanda hakan bai yi masa ba, akwai ɗakunan haya a ƙauyen, sai dai a lokacin zafi a nema da wuri.

Musulmi kuma ya kula da kwano. Shahararren romon yankin, caldo, kallonsa ganye ne da wake da dankali, amma yawanci da kitsen alade ake dafa shi, don haka a tambaya kafin a kai cokali. Abin da ba ya da rigima shi ne cukun ƙauyen, fari, mai taushi da ɗan tsami, siffarsa kamar naman kaza, ana cin sa da zuma da burodi. Sannan lokacin salla yana ba baƙo mamaki: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa a Galisiya sai bayan ƙarfe 10 na dare.

Washegari kada a ɗauka hawa ya ƙare. Hanyar zuwa Triacastela, kilomita 21, tana fara bin doron tsauni ne. A Alto de San Roque akwai mutum-mutumin tagulla na matafiyi ya dafe hularsa yana kokawa da iska. Gaba akwai Alto do Poio, mita 1,335, hawa gajere amma mai tsinka numfashi. Daga nan sai gangara mai tsawo, wadda ta fi hawan cin gwiwa, shi ya sa sanda ba ado ba ce. A Triacastela ne matafiyan ƙarni na 12 suke ɗaukar dutsen farar ƙasa, kowa ɗaya, su kai Castañeda inda ake ƙona shi domin ginin babbar cocin Santiago.

Watan Mayu da Yuni da Satumba sun fi daɗin tafiya. A ranakun 8 da 9 ga Satumba ake bikin ƙauyen, wuri yakan cika maƙil. Ko a tsakiyar zafi rigar ruwa da rigar sanyi wajibi ne, domin hazo kan sauko cikin 'yan mintuna har mutum ya kasa ganin kibiyar da ke gabansa. Jaka kada ta wuce kashi 10 cikin 100 na nauyin mai ita, takalmi kuma wanda ƙafa ta saba da shi, ba sabo ba. Lokacin sanyi sai gwanaye: a wannan tsauni ne sojojin Ingila da matan da ke biye da su suka yi ta mutuwa cikin ƙanƙara a Janairun 1809, sa'ad da suke ja da baya daga rundunar Napoleon. In yanayi ya ɓaci, a bar turba a bi gefen kwalta, lambar neman agaji 112 ce, kuma kilomita 4 zuwa 5 a ƙasa akwai garin Pedrafita, inda motocin Madrid zuwa A Coruña suke tsayawa.